Baƙi Biyar, Murhu Ɗaya: Lasisin Gidajen Hayar Haɗaka a Birtaniya

A watan Maris na 1999 gobara ta tashi a wani gidan haya da ke can ƙasan bene a birnin Gilasgo na Sikotland, ta yi ajalin ɗalibai biyu. Da aka bincika sai aka tarar tagogin gidan a toshe suke da ƙarafa, kuma babu ƙararrawar hayaƙi mai aiki da za ta tashe su daga barci tun wutar tana ƙarama. Shekara guda bayan haka Sikotland ta wajabta lasisi a kan masu ba da hayar gida ɗaya ga mutane da yawa waɗanda ba dangin juna ba. Ingila da Wales sun biyo baya da Dokar Gidaje ta 2004, wadda sashenta na lasisi ya fara aiki a Ingila a watan Afrilun 2006. Tun daga lokacin ake ta ja-in-ja tsakanin masu gidaje da hukuma, kuma gardama ce da ta cancanci a saurara, domin tambayar da ke cikinta ta shafi duk garin da ake zaman haya: idan baƙin juna suka kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, ran kowannensu yana wuyan wa?

A dokar Ingila, gida yana zama na haɗaka, wanda suke taƙaita sunansa da HMO, idan aƙalla mutum uku da ba iyali ɗaya ba suna zaune a ciki, suna tarayya a kicin ko banɗaki ko makewayi. Idan sun kai biyar, dole mai gidan ya nemi lasisi daga ƙaramar hukuma. A da sai gidan ya kai hawa uku kafin wannan wajibci ya hau kansa, amma daga 1 ga Oktoban 2018 aka cire sharaɗin hawa, ko gidan ƙasa ne lasisi ya zama tilas. Ƙananan hukumomi kuma suna da ikon faɗaɗa abin zuwa gidaje masu mutum uku ko huɗu a yankunansu, kuma da yawa sun yi hakan. Lasisin ba ya wuce shekara biyar, yana ƙayyade yawan mutanen da za su zauna, kuma ba a ba wa mutum sai an duba tarihinsa: wanda aka taɓa samu da laifin zamba, ko duka, ko fataucin ƙwaya, ko karya dokar gidaje, ana iya hana shi.

Dalilin ware waɗannan gidaje daga sauran gidajen haya yana cikin yanayin zaman kansa. A gidan iyali akwai wanda ke zagawa da dare ya duba ko an kashe murhu, akwai wanda ya san yaro yana ɗakin sama, ya san kaka ba ta ji sosai. A gidan haɗaka kowa yana da mabuɗin ɗakinsa, kowa da lokacin dawowarsa, wani ma bai san sunan na ɗakin da ke jikin nasa ba. Wannan ya ɗora tukunya ƙarfe biyu na dare bayan ya taso daga aiki, wancan ya kunna hita a gefen katifa, ɗayan ya jona na'urori biyar a soket guda. Matakala da zaure da kicin kuwa na kowa ne, don haka ba wanda yake jin nasa ne. Wani bincike da gwamnatin Birtaniya ta sa aka yi a ƙarshen shekarun 1990 ya gano cewa mazaunin gidan da aka yayyanka zuwa ɗakunan haya ya fi mazaunin gidan iyali haɗarin mutuwa a gobara sau shida, idan kuma gidan ya kai hawa uku haɗarin yana kai wa ninki goma sha shida. Tunda babu maigida a cikin gidan, mutum ɗaya ne kawai ya rage da ke da iko a kan ginin gaba ɗaya, da wayoyinsa da bututunsa da ƙofofinsa, shi ne mai karɓar kuɗin haya. Abin da lasisi yake yi shi ne ya ɗaura wannan nauyi a wuyansa a rubuce, tun kafin wani ya mutu, maimakon a jira a tuhume shi a gaban alƙali bayan an yi jana'iza.

Sharuɗɗan ba wasu abubuwan al'ajabi ba ne. Duk shekara sai ma'aikaci mai rajista ya duba murhun gas da tukunyar ɗumama gida da bututunsu, ya ba da takarda. Wayoyin lantarki ana gwada su aƙalla sau ɗaya a shekara biyar. Kowane hawa sai an sa masa ƙararrawar hayaƙi, ɗakin da ke da tukunyar ɗumama gida ko murhun itace kuma sai an sa masa na'urar da ke jin gubar hayaƙin nan marar launi marar wari, wadda ke kashe mutum yana barci, irin wadda ke fita daga janareto ko gawayi a rufaffen ɗaki. Amma abin da ya fi nuna hikimar tsarin shi ne ƙofa. A manyan gidajen haɗaka ana buƙatar ƙofofi masu kauri da za su iya tare wuta da hayaƙi na minti talatin, masu rufe kansu da kansu idan an sake su. Minti talatin ɗin nan an ware shi ne don matakala, domin na hawa na uku ya samu ya sauko kafin hayaƙi ya cika hanya, tunda hayaƙi ne ya fi kashe mutane a gobara. Haka kuma makullin ƙofar ɗaki da ta waje dole ya zama mai buɗuwa daga ciki da murɗawar hannu kawai. Wanda ya farka cikin duhu yana tari, idonsa na zafi, ba shi da lokacin laluben mabuɗi a aljihun wando. Keke ko tsohuwar katifa da aka jingine a zaure ma laifi ne, kuma mai gida ake tambaya.

Gyaran 2018 ya kuma zo da awon ɗaki. Ɗakin kwanan mutum ɗaya da ya haura shekara goma ba zai gaza murabba'in mita 6.51 ba, na mutum biyu 10.22, na yaro ɗan ƙasa da shekara goma 4.64. Wanda bai kai 4.64 ba, ba a kwana a cikinsa sam. Murabba'in mita 6.51 ɗaki ne mai kamar mita biyu da rabi a kowane gefe, wato gado da ɗan wurin tsayawa. Cewa sai da aka rubuta wannan a doka ya isa ya nuna irin akurkin da ake zuba mutane a ciki kafin nan.

Masu gidaje suna da ƙorafi, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Suna cewa kuɗin lasisi da na gyare-gyare a kan ɗan haya suke ƙarewa, wasu masu gidajen kuma suna gajiya su sayar, ɗakuna su yi ƙaranci, haya ta tashi, talakan da ake son karewa shi ne zai sha wuya. Akwai gaskiya a ciki, musamman ga mai gida ɗaya tak da zai canza ƙofofi shida a lokaci guda, ga kuma bambancin sharuɗɗa daga wannan ƙaramar hukuma zuwa waccan da ke rikita mutane. Sai dai lissafi yana rage ƙarfin maganar. A ce kuɗin lasisi fam dubu ne na shekara biyar a gida mai mutum biyar: kowane ɗan haya fam arba'in ke hawa kansa a shekara, ƙasa da fam huɗu a wata. Sannan dalilin da ya sa mutum ke yanka gida ɗaki-ɗaki tun farko shi ne hayar ɗakuna biyar ta fi hayar gidan dungurungum ga iyali ɗaya. Wanda ya zaɓi ribar da ta fi yawa ta hanyar da ke ƙara haɗari, adalci ne ya biya kuɗin rage haɗarin daga cikin ribar. Arhar ɗakin da ba shi da hanyar tsira, ɗan haya ne ke cika gibinta da ransa, ba tare da an tambaye shi ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Ana cewa mutanen kirki ne ke zuwa neman lasisi, miyagu kuwa ɓoyewa suke yi, ko su karɓi takardar su ci gaba da abin da suka ga dama. Gobarar unguwar Shadwell a gabashin Landan, a watan Maris na 2023, hujja ce mai zafi a kan haka. Gida ne mai ɗaki biyu da lasisinsa ya ce mutum uku, amma kusan mutum ashirin ke kwana a ciki a kan gadaje masu hawa, yawancinsu baƙi ne daga Bangaladash, ɗalibai da masu kai saƙon abinci. Batirin keken lantarki da ake caji ya kama da wuta, mutum ɗaya ya rasu. Takarda ba ta ceci kowa ba a daren. Amma abin da wannan ya nuna shi ne lasisin da ba a bi shi da dubawa ba kwali ne kawai, kuma ƙananan hukumomi da yawa ba su da isassun jami'an da za su shiga gida-gida. Maganin wannan shi ne a ƙara masu dubawa. Idan aka soke lasisin, da me za a auna laifin? Adadin ukun nan da ke rubuce a lasisin gidan Shadwell shi ne ya mai da cunkoson laifi bayyananne wanda kotu ta hukunta masu gidan a kansa. Ƙaramar hukumar Newham, wadda a 2013 ta zama ta farko a Ingila da ta wajabta lasisi a kan duk gidajen haya masu zaman kansu a yankinta, ta nuna wani amfanin: da zarar kowa ya yi rajista, gidan da ba ya cikin littafi shi ne farkon wanda za a ƙwanƙwasa wa ƙofa.

Doka ta kuma ba ɗan haya makami a hannunsa. Wanda ya ba da hayar gidan haɗaka babu lasisi, kotu na iya cin sa tarar da ba ta da iyaka. Wata doka ta 2016 ta ba ƙananan hukumomi damar yanka tara har fam 30,000 ba tare da zuwa kotu ba, ta kuma sauƙaƙa wa ɗan haya neman a mayar masa da kuɗin hayar da ya biya har na wata goma sha biyu. Dokar haƙƙin 'yan haya ta 2025 ta tanadi ɗaga tarar zuwa fam 40,000 da wa'adin zuwa shekara biyu. Ma'anar wannan ita ce mai gidan da ya ɓoye wa hukuma, bai ɓoye wa mutane biyar da ke kwana a gidansa ba, kuma kowannensu yana iya kai shi ƙara ya karɓe hayar da ya biya.

Su wa ke zama a irin waɗannan gidaje? Tun zamanin Peter Rachman, mai gidajen hayar nan wanda ya yi ƙaurin suna a shekarun 1950 da cusa baƙi 'yan yankin Karibiyan a rusassun gidajen unguwar Notting Hill ta Landan har sunansa ya shiga ƙamus da ma'anar zaluntar ɗan haya, amsar ba ta canza sosai ba: ɗalibi, sabon zuwa, mai ƙaramin albashi, wanda bai san haƙƙinsa ba ko yake tsoron magana kada a kore shi. A cikinsu yau akwai 'ya'yanmu da ke tafiya karatu ko aikin jinya, waɗanda suka saba ganin ƙarfe a taga da kwaɗo a ƙofa a matsayin tsaro daga ɓarawo, kamar yadda yake a gidajen hayar ɗalibai na Samaru ko Kano, ba sa tuna cewa ƙarfen da ya hana shiga yana hana fita. Wanda zai kama ɗaki a Ingila yana da haƙƙin a ba shi takardar duba gas da ta lantarki kafin ya tare. Kowace ƙaramar hukuma kuma doka ta wajabta mata ajiye rajistar gidajen da ta ba lasisi, wadda kowa zai iya dubawa, yawanci a intanet, ya ga ko adireshin yana ciki da kuma mutum nawa aka amince su kwana a gidan, sannan ya ƙirga takalman da ke bakin ƙofa.