Takin Gona da Makomar Kifin Kainji

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, abincin mutanen Yawuri, Ngaski da Shanga ya rataya a kan tafkin. Sarkawa da Gungawa na su, manoma na bin ruwa idan ya janye suna noman albasa da shinkafa, makiyaya kuma na kiwo a cikin ciyawar burugu. Sai dai duk abin da aka zuba a gaɓa, cikin ruwa zai ƙare.

Manomin da ya watsa yuriya ko NPK ana gab da ruwan sama, ko a fadamar da ambaliya za ta shafe, tafkin ya yi wa taki. Sinadaran da ke sa albasa ƙiba su ne ke ciyar da gansakuka da kainuwa. In suka yi yawa sai su rufe ruwa, hasken rana ya kasa ratsawa. In suka mutu kuma, ruɓewarsu ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Abin ya fi muni a lungunan tafkin, inda ruwa ba ya gudu, alhali nan ne karfasa da tarwaɗa ke hayayyafa. Bayan gida, kashin dabbobi da sharar kasuwa ma aikin da suke yi ke nan.

Kainji ta taɓa ɗanɗana wannan. A shekarun 1990 baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure ta gangaro ta kogin Kwara, tana tare jirage tana lalata taru, har sai da aka gitta shinge a Zamare don tare ta. A Amurka kuwa, takin da kogin Misisifi ke kwasowa daga gonaki yakan bar makeken yanki a Tekun Meziko inda kifi ba ya iya rayuwa duk shekara lokacin zafi.

Maganin ba ya bukatar kuɗi masu yawa. A binne taki a gindin shuka daidai bukata, a raba shi kashi-kashi. A bar ciyawar gaɓa da burugu tsakanin gona da ruwa, domin su ne matatar da ke riƙe taki da laka. A haƙa masai nesa da bakin ruwa.

Sarakunan ruwa, masu unguwanni da malaman gona, wannan aikinku ne. Ku zaunar da manomi da masunci wuri guda kafin damina ta kama.