Ɓacewar saƙonni a katangar tsaron kwamfuta

Ɓacewar saƙonni matsala ce da ake cin karo da ita wajen gyaran katangar tsaro, wato manhajar da ke tantance bayanan da ke shiga ko fita tsakanin kwamfutoci da intanet. Aikinta ya yi kama da na ganuwar birnin Zariya a da, lokacin da ba a shiga gari sai ta Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan ko sauran ƙofofi, kowace da mai tsaronta. Ƙofofin kwamfuta lambobi gare su, misali shafukan intanet masu kariya suna bi ta 443.

Dalilai

Bayanai suna tafiya ne a ƙananan ƙunshi. A manhajar iptables, wadda ta zo da Linux 2.4 a shekarar 2001, ana iya hana ƙunshi wucewa ta hanya biyu. Umarnin REJECT yana sanar da mai aikawa cewa an ƙi saƙonsa, shi kuwa DROP jefar da shi yake yi shiru, sai mai aikawa ya yi ta jira har lokaci ya ƙure.

Abin da ya fi ruɗa masu koyo shi ne rajistar katangar ita ma tana rasa saƙonni. Ana bin dokokin ne daga sama zuwa ƙasa, don haka idan dokar rubutawa, LOG, ta zo bayan DROP, ƙunshin ya tafi kafin a rubuta komai. Idan kuma aka sa wa LOG iyaka ba tare da faɗin adadi ba, bayan biyar na farko uku kacal take rubutawa a awa. Rajistar da ake turawa wata kwamfuta ta UDP a ƙofa 514 tana iya salwanta a hanya, domin UDP ba ya neman shaidar isa. Saboda haka rashin ganin saƙo a rajista ba hujja ba ce cewa bai iso ba.

Bincike

Ana fara duba ƙidayar da ke gefen kowace doka, a ga wadda lambarta ke hawa yayin gwaji. Daga nan a kunna tcpdump, manhajar da aka rubuta a 1988 a ɗakin binciken Lawrence Berkeley da ke Amurka, a ɓangaren shiga da na fita lokaci guda. Ƙunshin da ya bayyana a na shiga amma bai fito ba, a cikin na'urar katangar ya tsaya.