Yadda Ake Jera Asibitocin Zuciya, da Amfaninsa ga Dattawanmu a Makka

Duk shekara gidajen zango suna sallamar dattawa zuwa Hajji da Umara, da yawansu kuma suna sauka a Kudai da Misfala, kudu da Harami. Wasunsu suna tafe da hawan jini, ko ciwon suga, ko tsohon ciwon zuciya. Shi ya sa ’ya’ya ke yawan tambayar wane asibiti ne ya fi iya zuciya, su kuma duba jerin da mujallu ke fitarwa a intanet. Mun ga ya dace mu bayyana yadda ake haɗa irin wannan jeri.

Tun 1990 mujallar U.S. News & World Report take jera asibitocin Amurka, ita kuwa Newsweek ta fara jera na duniya a 2019. Tushen awon ya fi su daɗewa. A 1966 wani likita mai suna Avedis Donabedian ya raba ingancin jinya gida uku: abin da asibiti ya mallaka, yadda yake aiki, da yadda marasa lafiya suke ƙarewa.

Na farko shi ne kayan aiki da mutane. Ana duba yawan ma’aikatan jinya idan aka kwatanta da marasa lafiya, da ko akwai ɗakin buɗe jijiyar zuciya, aikin da ake kira ƙasɗara a Saudiyya. Ana kuma ƙirga aikin zuciya nawa ake yi a shekara, domin hannun da ya saba ya fi ƙarancin kuskure.

Na biyu shi ne saurin aiki da bin ƙa’ida. Idan jijiyar da ke ciyar da zuciya ta toshe, naman zuciyar yana mutuwa minti bayan minti. Ƙa’idar likitoci ita ce a yi awon ECG cikin minti 10 da isowar mara lafiya, a buɗe jijiyar cikin minti 90.

Na uku shi ne sakamako: mutum nawa ne suke raye kwana 30 bayan an kwantar da su, kuma nawa ne suka koma gidajensu. A nan sai an yi hattara. Asibitin da ake turo wa masu tsananin ciwo dole a fi rasuwa a cikinsa, ko da likitocinsa gwanaye ne. Don haka masu lissafi sukan sa shekarun mutum da sauran cututtukansa a ma’auni, su fitar da adadin da ake tsammani, sannan su gwada shi da abin da ya faru. Adadin rasuwa da ba a yi masa wannan gyara ba yana iya ɓata sunan asibitin kirki.

Akwai kuma ra’ayin likitoci, wanda jerin Newsweek ya dogara da shi sosai. Suna kan bi manyan asibitoci. Asibitin Sarki Faisal da ke Riyad, misali, ya yi dashen zuciya da mutum-mutumi a 2024, duniya ta ji. To amma tsakanin Riyad da Makka ya haura kilomita 800.

Jeri yana da amfani ga aikin da aka shirya, kamar sauya bawul ɗin zuciya, inda akwai lokacin shawara da neman ra’ayin likita na biyu. Ga wanda ƙirjinsa ya ɗaure a masauki a Kudai kuwa, asibitin da ya fi shi ne wanda zai buɗe jijiyar da wuri. A Makka akwai Asibitin Nur kusa da wannan yanki, da Birnin Lafiya na Sarki Abdullah mai cibiyar zuciya, da asibitin gaggawa na Ajyad dab da Harami. Hukumar CBAHI ce ke tantance asibitocin ƙasar. Ma’aikatan motar asibiti sun san inda ya dace a kai mutum. A kira 997 ko 911, kada a tsaya neman tasi.

Alamomin su ne nauyi ko matsewa a ƙirji, ciwon da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi, zufa, da sarƙewar numfashi. Mata da masu ciwon suga wani lokaci kasala da tashin zuciya kawai suke ji. Kada a ce gajiyar ɗawafi ce, kada a jira a idar da salla ta gaba. Kada tsoron kuɗi ya sa a yi jinkiri: alhazai suna samun jinya kyauta a asibitocin gwamnati lokacin Hajji, bizar Umara kuma tana ɗauke da inshorar gaggawa.

Kafin tafiya, muna roƙon kowane gida ya kai dattijonsa likita, a rubuta sunayen magungunansa a takarda, a haɗa da awon ECG na baya-bayan nan, a sa a jakar wuyansa. A tabbatar abokin ɗakinsa ya san ciwon da lambar kira. Allah Ya kai su lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, amin.