Raspberry Pi a Yauri: saka manhaja da cire ta inda data ke da tsada, wuta ba ta da tabbas

Girmanta bai wuce katin banki ba, kuma da dala 35 aka fara sayar da ita a shekarar 2012. Raspberry Pi ke nan, 'yar ƙaramar kwamfutar da wata gidauniya a birnin Kambirij na Ingila ta ƙera don yara su koyi rubuta manhaja. Ɗan ci-rani zai iya sako ta cikin ambulan ya aiko wa ƙaninsa a Yauri, kusa da Matameye a jihar Damagaram. Bayan ta iso ne aikin ke farawa.

Harshen Python yana zuwa cikin tsarinta, amma kayan aikin da ake ɗora masa sai an sauko da su daga intanet. Hanya biyu ce: apt, mai kula da manhajojin kwamfutar baki ɗaya, da pip, wanda nasa na Python ne kaɗai. A da mutane kan gauraya su, har wani ƙunshi ya danne wani, kwamfutar ta rikice. Tun fitowar tsarin Bookworm a watan Oktoban 2023, pip ya daina yarda a saka kaya kai tsaye, sai an buɗe masa keɓaɓɓen wuri da umarnin python3 -m venv. Sabon ɗalibi kan ɗauka lalacewa ta yi, alhali kariya ce. In aikin ya ɓaci, sai a goge wurin kawai a sake wani.

Wajen cirewa aka fi yin ɓarna. Umarnin apt remove yana cire ƙunshi ya bar saitinsa, apt purge ya haɗa da saitin, apt autoremove kuma ya share waɗanda suka biyo shi. Amma wanda ya cire python3 kansa don neman fili a katin memori, zai tafi da manhajoji da dama da suka dogara da shi. Kafin ka danna amincewa, ka karanta jerin da apt ya nuna maka.

Sai batun wuta. Yankin Damagaram ya daɗe yana samun lantarki daga Najeriya ta layin Katsina, kuma an ga abin da ya faru lokacin da aka katse shi bayan juyin mulkin Yulin 2023. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar saka manhaja, aikin kan tsaya a rabi. Wani lokaci umarnin dpkg --configure -a ya gyara, wani lokaci katin ne ya lalace gaba ɗaya. Batirin cajin waya mai ƙarfi ya isa ya riƙe ta.

Ga masu tattalin data kuwa, mutum ɗaya zai iya zuwa inda intanet ke da ƙarfi, ya yi pip download a kan Pi irin tasu, ya zubo kayan a filash, sauran abokai su saka daga nan ba tare da sun sayi ko megabait ɗaya ba.