Kyamara Mai Duba Jinin Ƙafa

'Yan'uwa manoma, akwai wani ciwo da mukan ɗauka gajiya ce ko tsufa. Mutum ya kama hanyar gona, bai yi nisa ba sai sha-raɓarsa ta ɗaure. Ya tsaya ta lafa, ya ci gaba ta dawo. Sau da yawa jijiyoyin da ke kai jini ƙafa ne suka tsuke, kamar hanyar ruwan lambu da yashi ya cike. Ya fi kama masu shan taba da masu ciwon sukari ko hawan jini. A lissafin 2010, wajen mutum miliyan 200 ke fama da shi a duniya. In an ƙyale shi, ɗan saran fartanya sai ya zama gyambo, har ta kai ga yanke ƙafa.

A asibiti akan auna hawan jini a idon sawu da damtse, a gwada su. Idan na sawu bai wuce kashi 90 cikin 100 na damtse ba, akwai ciwon. Amma jijiyoyin mai ciwon sukari sukan ƙandare, awon ya ruɗi likita.

To, yanzu masana suna gwada wata kyamara. Jinin da ke ɗauke da iskar oksijin ja ne wur, wanda ya sauke ta kuwa ya fi duhu. Sai a haska ƙafa da haske iri-iri, har da wanda ido ba ya gani, kwamfuta ta zana inda jini mai kyau ke kaiwa da inda ba ya kaiwa. Ba allura, ba taɓa miki.

Sai dai muna da magana. A 2020 likitocin Jami'ar Mishigan ta Amurka sun bincika ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin. Suka tarar yakan kasa nuna ƙarancinta a jikin baƙar fata kusan ninki uku bisa na Turawa. Kyamarar ma da haske take aiki. Duk wanda ya kawo mana ita, mu tambaye shi ko an gwada ta a kan baƙar fata, da ƙafa mai kaushi irin tamu.

Kafin nan, shugabannin ƙungiya su ta da zancen a taro mai zuwa. Wanda ƙafarsa ke ɗaurewa, ko ɗaya ta fi ɗaya sanyi, ko mikinsa ya ƙi warkewa, a raka shi asibiti. Mai ciwon sukari kada ya shiga gona ba takalmi, ya kuma duba tafin ƙafarsa kowace yamma.