Gurmi, garaya ko kuntigi: Yadda mai koyo zai zaɓi abin kiɗansa na farko ba tare da ya yi asara ba

Da zarar an kammala girbi a yankin Rano da Kibiya, kuɗi kan ɗan shiga hannun matasa, filayen kokawa su cika, bukukuwan aure su yawaita, maharba kuma su fara shirin fita daji. A irin wannan lokaci ne matashin da ya daɗe yana sha'awar kiɗan tsirkiya yakan yanke shawarar mallakar nasa.

Matsalar ita ce kuɗin da zai kashe guminsa ne na damina guda. Idan ya sayi abin da ba ya riƙe sauti, ko wanda ke yanka masa yatsu, cikin 'yan makonni zai rataye shi a bango, ya ɗauka cewa shi ne ba shi da baiwa, alhali kuwa laifin kayan ne.

Abin kiɗan da ya dace da mai koyo shi ne wanda akwai mai koyar da shi a kusa, akwai mai gyara shi a kusa, kuma tsinkewar tsirkiya ɗaya ba za ta sa a yi tattaki zuwa birni ba.

Fara da tambayar wane kiɗa kake so

Kayan kiɗan tsirkiya na Hausa kowanne da mutanensa. Masana biyu, David Ames da Anthony King, sun tattara sunayensu da wuraren da ake amfani da su a wani littafi kan kiɗan Hausa da aka buga a 1971, kuma har yau rabe-raben nan ba su gushe ba.

Gurmi ana yin sa da rabin ƙwarya da aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya biyu ko uku. An san shi da kiɗan 'yan kokawa da na nishaɗi, kuma da shi marigayi Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna.

Garaya tsirkiyarta biyu, amma jikinta icce ne da aka fafe aka rufe da fata. Asalinta kiɗan maharba ce, kuma ana amfani da ita a kiɗan bori. Ya kamata mai saye ya san da wannan, domin a wasu gidajen ganinta kaɗai na iya jawo magana. Gara a yi wa iyaye bayani tun kafin a shigo da ita.

Kuntigi shi ne mafi sauƙin samu. Tsirkiyarsa ɗaya, kuma akan yi jikinsa da gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya. Da wannan ɗan ƙaramin abu Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu ranar 20 ga Yunin 2015, ya zaga duniya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tsadar kaya ba ita ke yin makaɗi ba.

Akwai kuma molo mai tsirkiya uku. Goge da kukuma kuwa goga su ake yi da baka, don haka koyonsu wata hanya ce daban.

Ina batun na waje?

Wasu matasan sun fi karkata ga jita ko mandolin saboda abin da suke gani a YouTube da TikTok. Mandolin ɗan ƙaramin abin kiɗa ne da ya samu siffar da aka fi saninsa da ita a birnin Napoli na Italiya a ƙarni na 18. Tsirkiyoyinsa takwas ne na ƙarfe, an jera su bibbiyu.

Sautinsa na da daɗi, amma ga mazaunin Rurum ko Tarai akwai lissafi. Shigo da shi ake yi, don haka farashinsa na bin dala. Tsirkiyar ƙarfe idan ta tsinke sai an nemo irinta a shagunan kayan kiɗa, kamar na Sabon Gari a Kano. Tsirkiyoyi takwas kuma suna jan wuyansa da ƙarfi, ga bushewar hunturu da ke tsaga icce mara kyau ko ta lanƙwasa shi.

Wanda ya dage sai shi, ya duba abubuwa uku: wuyan ya miƙe sosai, maɗauran tsirkiya su juya ba tare da sulɓewa ba, sannan idan aka danna tsirkiya a layin ƙarfe na 12, sautin ya yi daidai da nata na asali, sai dai ya fi shi siriri. Idan ya kauce, duk waƙar da aka kaɗa za ta fita a karkace.

Abin da za ka duba a jikin gurmi ko garaya

Ƙwarya ko icce: Ɗaga shi ka duba a wurin haske. Ƙwaryar ta zama mai kauri, wadda ta bushe sarai. Ka guji mai 'yan ramukan ƙwari, da wadda ta taɓa tsagewa aka ɗinke ko aka liƙe. Tsagar da ka raina a kasuwa ita za ta buɗe idan fata ta ja.

Fata: Ƙwanƙwasa ta da yatsa. Fatar da ta ɗame takan amsa da ƙara mai kaifi, wadda ta saki kuwa sai ka ji ta dum. Bi gefen da aka kafe ta ka tabbatar babu inda ta fara yagewa. Ka tuna fata na bin yanayi: tana saki da damina, tana ɗamewa da hunturu. Wadda ta riga ta saki a tsakiyar rani ba za ta yi amfani ba idan ruwa ya sauka.

Sanda: Kanga ta a ido kamar mai saita bindiga. Ta zama miƙaƙƙiya, mai santsi, ba ta motsi a inda ta shiga jiki. Sandar da ke girgiɗi ba za ta taɓa riƙe sauti ba.

Tsayin tsirkiya: A nan ne masu koyo suka fi cutuwa. Idan tsirkiya ta yi nisa da sanda, sai ka matsa da ƙarfi, yatsu su yi ciwo, ka gaji da wuri. Idan ta kwanta da yawa, sai ta riƙa gogar sanda tana zuza. Ɗan iccen da tsirkiya ke hawa a kan fata shi ke daidaita wannan, kuma mai ƙerawa zai iya rage shi ko ya sauya shi nan take.

Maɗauri: A yawancin irin waɗannan kayan, da zoben fata ake ɗaure tsirkiya a jikin sanda, a ja shi sama ko ƙasa don gyara sauti. Ja shi, ka kaɗa na ɗan lokaci, ka saurara. Idan sautin ya sauka da kansa, maɗaurin na zamewa ne.

Tsirkiya: A yau da yawa zaren roba na kamun kifi ake sawa, kuma wannan alheri ne ga mai koyo, domin yana da araha kuma ana samunsa a kasuwa.

Na ado daban, na kiɗa daban

A wuraren sayar da kayan tsaraba, kamar wasu rumfuna na Kasuwar Kurmi, za ka ga kayan kiɗa masu zane da jar fata da tuntaye. Wasunsu an yi su ne don a rataye a falo ko a ba baƙo kyauta. Kyan gani ba ya nufin kyan sauti.

Hanya mafi aminci ita ce ka tambayi makaɗin da kake son koyo a wurinsa inda ya samu nasa. Makaɗa da yawa su ke haɗa kayansu da hannunsu, ko kuma suna da wanda ke yi musu. Idan zai raka ka, ya fi, domin kunnensa zai kama abin da naka bai kai ga ji ba tukuna. Sau da yawa tsohon gurmin da ya sha hannu ya fi sabo dal, tunda duk wani aibinsa ya riga ya fito an gyara.

Idan a Facebook ko WhatsApp ka ga talla, kada ka tsaya ga hoto. Ka nemi bidiyon da ake kaɗa ainihin wanda za a turo maka, a juya shi ka ga baya da gefe, kuma kada ka tura kuɗi gaba ɗaya kafin kaya su iso hannunka.

Yadda za ka raba kuɗinka

Kada ka zuba duk abin da ka tara a kan saye. Ka ji farashi a wuri biyu ko uku, sannan ka ware wani abu don ƙarin tsirkiya, da jakar da za ta kare kayan daga ƙura da laima, da ɗan alherin da za ka riƙa yi wa mai koya maka.

Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma ga mai koyo tsada ma ba ta da wani amfani. Na tsakiya, mai ƙwari, wanda ba za ka ji tsoron ɗauka kullum ba, shi ne naka.

Bayan saye, kada ka bar shi a cikin rana ko kusa da murhu na tsawon lokaci, kada ka ajiye shi a ƙasa inda ɓera da gara za su kai ga fatar. Rataye shi a inuwa, ka ɗan sassauta tsirkiya idan za ka kwana biyu ba ka taɓa shi ba.

Ranar da ka fara jin cewa kayan sun yi maka kaɗan, kana neman wani sauti da ba ya fita, to lokacin sayen na biyu ya yi. A lokacin kuwa kunnenka ne zai yi maka ciniki.