Ka biya kuɗin ƙaramar kyamara, an aiko maka da babba

A lokacin aikin Hajjin 2023, wata alhajiya daga ƙaramar hukumar Bungudu ta tsinci dala 80,000 a Saudiyya, ta miƙa wa jami'an alhazai domin a nemi mai su. Labarin ya karaɗe jaridu, mutanen Zamfara suka yi ta alfahari. A shekarar kuma wani matashi mai Adaidaita Sahu a Kano ya mayar da kimanin naira miliyan 15 da fasinja ya manta. Irin waɗannan kowa ya san hukuncinsu. Akwai wata jarrabawar da ta fi su yawa a yanzu, amma ba a cika maganarta ba, domin tana zuwa ne a cikin kwali, kuma babu mai gani.

A ce matashi ne mai ɗaukar hoton biki a Tsafe. Ya tara kuɗi ya sayi Canon 2000D wurin wani ɗan kasuwa da ya gani a Facebook, mai shago a Legas ko Kano. Ya tura kuɗi ta OPay, aka ba direba saƙo, ya je tasha a Gusau ya karɓa. Da ya buɗe sai ya ga Canon 90D, wadda ta ninka tasa a kuɗi fiye da sau biyu. Mai shagon bai kira ba. Ga bikin ƙarshen mako ya ƙarato.

Abin da abokai za su fara cewa shi ne: "Rabonka ne ya tsaga." Wani mai yawan karance-karance a intanet zai ƙara da cewa ai a Amurka doka ta ce kayan da aka aiko maka ba ka nema ba kyauta ne. Gaskiya akwai wannan doka tun 1970, amma an yi ta ne saboda kamfanonin da ke tura wa mutane kaya da gangan sannan su biyo su da takardar neman kuɗi. Tsafe kuma ba Amurka ba ce. A nan, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ba su ne aka kwatanta masa ba. Ba ta mallaka masa kayan wani don kawai an yi kuskure wajen ɗauri.

A fiƙihun Malikiyya da aka taso da shi a zaurukanmu ma maganar a fili take. Ciniki yana ƙulluwa ne a kan abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, kuma yardar mai shago ta faɗa kan 2000D ne. Tsintuwa mai daraja akan yi cigiyarta har shekara saboda ba a san mai ita ba. Wannan kuwa lambar mai ita tana cikin wayarka. Amana ce a hannunka har ta koma.

Mutane kan ɗauka asarar za ta hau kan wani attajiri da ba zai ma lura ba. Sau da yawa ba haka abin yake ba. Kwali biyu aka musanya, ke nan akwai wani, wataƙila a Bunguɗu, wataƙila a Funtuwa, da ya biya kuɗin babbar aka kai masa ƙaramar, yana can yana kiran mai shago ɗan damfara. Sannan akwai yaron shagon da ya rubuta suna a jikin kwalin. In kaya suka ɓace, shi ake fara tuhuma, daga ɗan abin da yake samu ake cirewa, wani lokacin ma har ofishin 'yan sanda. Duk wanda ya taɓa zaman shago a hannun maigida ya san yadda irin wannan ranar take.

Mayarwar ma tana da ƙa'ida, don kada garin gyaran gira a rasa ido. Kada ka ce bari ka ɗan yi biki ɗaya da ita tukuna. Kyamara irin wannan tana ƙirga hotunan da ta ɗauka kamar yadda mota ke ƙirga kilomita, kuma masu sayen ta hannu suna duba wannan lissafin kafin su taya. Ka ɗauki hoton kwalin da rasit da lambar da ke ƙarƙashin kyamarar, ka tura wa mai shagon a rubuce ta lambar da kuka yi ciniki tun farko. In a Jumia ko Konga ka saya, ka bi hanyar mayar da kaya da ke cikin manhajarsu, kada ka miƙa wa duk wanda ya bugo waya ya ce shi wakili ne. Kuɗin mota na kai da kawowa a kan wanda ya yi kuskuren yake, kuma ba rashin kunya ba ne ka nemi a turo taka kafin ko tare da komawar tasu. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa ba hanyar da ake sakin kaya masu tsada haka kawai ba ce, don haka a samu direban da aka sani a tasha, a rubuta lambar motarsa.

In kuma ranka ya biya da babbar, ka faɗa masa kai tsaye, ku daidaita a kan cikon kuɗi. Ɗan kasuwar da ke lissafin kuɗin mota sau biyu da haɗarin hanya yakan yi ragi. Zai iya kuma cewa a'a, a dawo masa da kayansa, ko goro bai bayar ba. Wannan ma haƙƙinsa ne.